Buhun Yashin Maigida Ɗan Azumi

Shekaranjiya Nasiru, jikan Alhaji Sani mai goro, ya turo mini kekensa har ƙofar zaure. Irin na yayin nan ne masu faifai a tsakiyar ƙafa, waɗanda 'yan ci-rani ke kawowa daga Legas. Wai ya gyara birkin da kansa a gida, a wayar hannu ya kalli yadda ake yi, so yake kawai in sa albarka. Ya kifa keken, sirdi a ƙasa, ya juya ƙafar baya da hannu ɗaya, tana ta gudu shiru. Ya matsa birki, ta tsaya cak. Ya dube ni yana murmushi.

"Baba Ilu, ka gani? Minti goma kacal."

Na ce, "Na gani. Tada shi ka hau."

"In hau in je ina?"

"Ka ɗauki abokinka Habu a baya, ku kai bakin masallaci ku dawo."

Ba su yi nisan jifa ba na fara jiyo faifan yana gogawa, shii, shii, shii. Da suka dawo murmushin ya gudu. Yau ga shi kun dawo mini da keken yana ta gogawa. To ku zauna, kai Nasiru da Habu da sauran masu dariyar, tunda yau ba kasuwa. Kun ce gyaran keke aikin wanda ya rasa abin yi ne. Bari ku ji.

Ba na raina birkin faifai, da furfura a kaina na koye shi. Ƙusoshi biyu ke riƙe da bakin da ke cafke faifan. Ka sassauta su, ka matse hannun birki, ka ɗaure su kana riƙe. Takalman birki biyu ne a cikin bakin, ɗaya ne ke motsi in wayar birki ta ja shi, na cikin zaune yake, da ɗan kile, wato sifana, ake matso shi har ya kusa taɓa faifan. Ka shimfiɗa farar takarda a ƙasa ka leƙa, ka tabbata kana ganin haske ta gefe biyu. Mai kuwa kada ya kusanci wurin, ko na yatsanka bayan ka ci ƙosai. Duk wannan Nasiru ya yi daidai, ban ƙwace masa ba. Abin da ya bari shi ne ƙarfen tsakiyar ƙafar bai zauna sosai a gurbinsa ba lokacin da ya ɗaure noti. Keke a kife, ba kowa a kai, komai lafiya. Da nauyin mutum biyu ya hau, ƙafar ta ɗan karkace, faifai ya jingina da takalmi. Shi ya sa na ce a hau.

Kun ga buhun can da ke jingine da bango, wanda kuke zama a kai kuna cin gyaɗa? Yashi ne a ciki. A wurin maigidana Ɗan Azumi na gaji wannan ɗabi'a, Allah ya ji ƙansa. Rumfarsa na kusa da tashar mota ta nan Matameye, shekara bakwai na yi ina yi masa hidima. Kayan aikinsa ba su cika akwati ba: kile uku, guduma, filaya, famfo, kwanon ruwa na neman huda, gwangwanin sholisho, sai buhun algarara cike da yashi. A lokacin ba a san birkin waya ba balle na faifai. Na sanda ne, wato siririn ƙarfe ne ke tasowa daga hannu, ya gangaro ta jikin ƙarfen tsakiyar keke, ya je ya ja takalman roba su kama bakin ƙafar baya.

Ɗan Azumi ba ya taɓa birki sai ya tambayi mai keke, "Me kake ɗauka?" In mushe ne, wato malamin lakwal, makarantar boko, da ba ya ɗaukar komai sai littattafai, sai ya matse masa birki, da an taɓa ya kama. In kuwa mai ɗaukar kaya ne, sai ya ce, "Ilu, kawo buhu." In kinkimo shi ina nishi, mu cusa shi a tsakiyar keke tsakanin sirdi da hannu, inda masu kaya ke sa buhu na biyu, sannan ya tura keken ya kai bakin titi ya dawo yana sauraro. Dalili kuwa, buhu in ya kwanta a nan yana danne sandar birki, ita kuma ta ja takalmi. In an bar sararin yatsa biyu a hannun birki, ba komai. In an matse shi irin na mushe, keken zai tafi da birki a kame, mai shi bai taɓa komai ba. Ya faɗa mini wannan ya fi sau ɗari. Ni kuwa a raina cewa nake tsohon yana son wahalar da ni ne, don a ga yana da yaro.

Ya rasu shekara biyu kafin babban fari, rumfa ta dawo hannuna. Kuma wallahi hannuna na da kyau, ba yabon kai ba. Zamanin sojoji ne, masu kaki kan tare mutum a hanya su matsa birkinsa, in hannun ya kai har ƙarfe su zaunar da shi a rana. Saboda haka kowa birki mai kamawa yake so, ma'aikatan gwamnati duka wurina suke zuwa. Har kirari aka yi mini a tasha, wai birkin Ilu yatsa ɗaya. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

Shekarar farin, ruwa ya zuba sau biyu ya ɗauke. Gero ya bushe bai kai gwiwa ba. Sojoji na mulki a Yamai, sojoji na mulki a Najeriya, iyaka kuma a rufe. Robar birki ta ɓace a kasuwa, tsohuwar tayar babbar mota nake yankawa da wuƙa in sassaƙa takalmi. Ku riƙe wannan: robar taya tauri ne da ita, tana gogawa shiru, ba ta kuka irin ta kanti. Sai aka ce za a raba tsaba a ofishin gwamnati, kowa ya zo da buhunsa. Buhu ma ya zama abin nema a garin nan. Na dubi na Ɗan Azumi, algarara mai ƙwari, na ce yashi ba ya cika ciki. Na kwance bakinsa na zubar a bayan rumfa, na tafi layi da shi.

Bayan haka da 'yan kwanaki Mamman Dogo ya zo daga Kurni. Ɗan gwaggona Hajara ne, ƙanwar mahaifina, don haka taubashina ne, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Ya girme ni da shekara biyar. Duk yankin Kurni an san shi da ƙarfi, buhu biyu yake ɗora wa keke, ɗaya a kariya ɗaya a tsakiya, ya taka cikin rairayi yana waƙa. Ranar na ga ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma duk mun rame a shekarar, ban sa a raina ba.

Na ce, "Raƙumin Gwaggo, me ya fito da kai? Ko an kore ka ne don ka cinye dusar awaki?"

Ya ce, "Awakin ma na sayar da su jiya, ɗan tsurut. Duba mini keken nan sosai, tafiya zan yi."

Ya ja ni gefe ya faɗa mini shirinsa. Rabin Kurni sun watse, sun nufi Kano. Matarsa Indo ta ce su bi sahu. Gwaggo kuwa ta ce ƙafarta ƙafar Kurni, inda aka rufe mijinta nan za a rufe ta. To shi ne ya yanke shawara zai riƙa bin hanyar daji yana tsallaka iyaka, ya sayo masara buhu biyu a wata kasuwar ƙauye ta can. Ɗaya su ci, ɗaya ya sayar ya sake komawa. In ya iya yin haka duk mako har damina ta faɗi, gidansu ba zai tashi ba. Da buhu ɗaya abin ba ya fita, sai biyu. Kuɗin awakin nan su ne iyakar abin da ya mallaka.

Na zage na yi masa aiki, don ina son Dogo. Na ɗaure wayoyin ƙafar baya ɗaya bayan ɗaya, na sa wa sarƙa mai, na liƙe huda biyu, na yanka sababbin takalma. Da na zo kan birki, hannuna ya yi abin da ya saba yi wa ma'aikata, na matse shi yatsa ɗaya. Na ɗaga ƙafar na juya, na taɓa, ta tsaya cak, kamar dai yadda Nasiru ya nuna mini shekaranjiya.

Dogo ya waiga kusurwar rumfa ya ce, "Ina buhun tsohon? Ba za ka gwada ba?"

Na ce, "Buhu ya tafi neman abinci kamar kowa. Hannuna ya wuce gwaji, Dogo. Kai dai ka yi ta kanka."

Ya yi dariya, ya ce in gaida iyali, ya hau ya tafi. Shi da ba makaniki ba ya tuna, ni da na kinkimi buhun shekara bakwai na share.

Ranar kasuwa da la'asar ya dawo, kwana uku bayan nan. Rumfa cike, akwai mushe biyu, akwai masu jiran mota da suka fake wa rana. Turo keken yake, ba ko buhu a kai, leɓɓansa duk sun tsage. Na ba shi ruwa, ya zauna a ƙasa, ba a benci ba. Ya ce ya sayi buhu biyun lafiya, ya ɗaure, ya kamo hanya da hantsi. Tun daga fitowa keken ya ƙi tafiya. Ya ce rairayi ne. Ya kai kan fako, inda da yake tashi kamar iska, nan ma kamar ana jan sa ta baya. Ya sauka ya tura. Kafin azahar idonsa na ganin duhu-duhu. Sau uku yana faɗuwa. Da ya ga zai mutu a daji, ya sauke buhun tsakiya a gindin wani gawo, ya rufa masa ƙaya, ya ƙarasa gida da ɗaya. Washegari da sassafe ya koma, ya tarar da ƙayar kawai. A shekarar nan buhun masara ba ya kwana a daji.

Ya ce, "Da na sauke ɗayan, Ilu, sai keken ya tafi sumul. Ka ga ke nan ba keken ba ne. Ni ne."

Nan bakina ya riga hankalina. Taubashi ne, mutane na kallo, an saba in ya faɗi ɗaya in faɗi biyu. Na ce, "Dama na sha gaya wa Gwaggo, tsawo kawai ta haifa. Karan dawa ne kai, Dogo, waje kauri ciki totuwa." Aka kwashe da dariya, har da mushen nan. Na jira ya rama, don bai taɓa barin bashin tsokana ba. Ya dube ni ya ce, "Ka yi gaskiya."

Don in kauce wa idonsa na tsuguna gindin keken. Takalman bayan da na yanka kwana uku da suka wuce sun cinye har ƙarfe. Bakin ƙafar ya goge yana walƙiya, baƙin garin roba ya manne ko'ina. Na bi sandar birki da yatsa, na tarar ta lanƙwashe a daidai inda buhu ke kwanciya, har da zaren algarara maƙale a jiki. Ban buƙaci kowa ya fassara mini ba. Mutumin nan, da yunwar wata biyar a cikinsa, ya ja buhu biyu rabin yini cikin rana da birki a kame, kuma ni na kame shi.

Dogo ya ce, "Akwai matsala ne?"

Ga mushe biyu a zaune, ga masu kirarin yatsa ɗaya. Na kwance takalman na zura a aljihu. Na ce, "Babu. Robar taya ce, ba ta da ƙarko." Na sa masa wasu, na miƙe sandar, na sassauta birkin yatsa biyu ba tare da ya lura ba. Kunya ce ta hana ni, da tsoron kada a ce Ilu ya kashe wa ɗan'uwansa jari. Ba wani dalili bayan wannan, na nema shekara da shekaru ban samu ba.

Na ce a raina gobe zan je Kurni in same shi shi kaɗai. Gobe ta zo aka ce ana rabon tsaba, na tafi layi. Jibi wani ma'aikaci ya kawo kekuna uku. Kullum da abin da zan fake da shi. Ran kwana tara na hau keke na tafi, na tarar da gidan an toshe ƙofarsa da ƙaya. Maƙwabcinsu ya ce shekaranjiya suka bi babbar mota, keken ma wani mutumin Dawce ya saya. Ya ce Gwaggo sai da aka ɗauke ta aka sa a motar. Da a ce na je ran da na ce zan je, buhu ɗaya na nan a gidan, keken na nan, da na sayar da famfo da kile na haɗa masa kuɗin wani. Da na dawo Matameye ban shiga gida ba sai da na nemo buhu na cika shi da yashi.

Damina ta gaba ruwa ya sauka kamar ba a taɓa fari ba. Waɗanda suka daure suka cika rumbuna. Gonar Dogo wani ya noma ta. Gwaggo ta rasu a Kano shekara ta biyu, aka rufe ta a wata maƙabarta ta bayan gari, cikin mutanen da ba ta san ko ɗaya ba. Na je gaisuwa da takalman nan a aljihuna, na dawo da su. Bayan an buɗe iyaka nakan shiga Kano sarin kayan keke sau uku, sau huɗu a shekara. Dogo ya zama mai tura kurar ruwa, jarka goma sha biyu yake turawa unguwa-unguwa, mutumin da ya ce ƙarfinsa ya ƙare. In na je mukan ci abinci, mu yi hira, amma tsokana ta mutu tsakaninmu. Bai sake hawa keke ba. Indo ta taɓa gaya mini ko ɗansa ya kawo na aro gida, fita yake sa shi da shi.

Sai da muka tsufa duka, aka aiko mini cewa ciwon ƙirji ya kwantar da shi, sannan na tafi da niyya ɗaya. Na same shi da hantsi a kan tabarma a ƙofar ɗaki, an jingina shi da bango yana shan rana. Muka gaisa. Na fito da takalman na ajiye a gabansa, na faɗa masa komai, tun daga yashin da na zubar har ƙaryar da na yi masa a gaban mutane. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya shafa wurin da ya cinye da babban yatsa. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Da birki a kame na kawo su har gawon nan?"

Na ce, "Da birki a kame, Yaya." Ban taɓa kiransa Yaya ba sai ranar.

"Daga kasuwar zuwa gawon nan ai ya fi rabin hanya."

"Ya fi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Ashe ba ni ba ne." Ya ɗaga murya iyakar yadda ƙirjin ya bari, ya kira Indo ta zo ta ji. Ta fito da ludayi a hannu, ya sa na maimaita mata daga farko. Da na gama ta dube ni kawai ta koma madafa. Shi kuwa har fuskarsa ta ɗan saki, kamar zai yi dariya. Sai kuma ta canza.

Ya ce, "Na yafe maka, Ilu, don Allah ya yafe mana. Amma Inna fa? Ita wa zai je ya gaya mata? Ran da muka hau motar nan ta ce mini, Mamman, ashe haka ka gaza da wuri. Da wannan ta tafi."

Ya riƙe takalmi ɗaya, ya miƙo mini ɗayan. Bai kai damina ba ya rasu, Allah ya ji ƙansa, ya haɗa shi da mahaifiyarsa a inda za ta ji gaskiyar magana.

Nawan yana cikin akwatin kile, Habu, buɗe ka gani in kana so, baƙin abin nan da ke naɗe a tsumma. Kai kuma Nasiru, tashi daga kan buhun nan. Sassauta notin ƙafar bayan, ka tsayar da keken a ƙasa, ka danna sirdi da ƙirjinka har ƙarfen ya zauna a gurbinsa, sannan ka ɗaure. In ka gama, ka ce ai garin masara kake kai wa kakarka daga injin niƙa. Kinkimo buhun ka ɗora a kariya, ka tura ka kai bakin masallaci ka dawo. Ina nan ina sauraro.